Zauren Fatauci: Wai harajin Trump ne ya karya mani farashin soɓo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Daura. Shekara huɗu ke nan ina bin ƙauyukan Zango da Baure da Sandamu ina sayen soɓo da riɗi, in na haɗa sai in ɗora a mota in kai wa wani Alhaji a Dawanau, shi kuma yana da mutanen da ke fitarwa waje. Bana da na kai mashi kayan farko sai ya karya mani farashi, ya ce wai Trump ya sa wa kayan Najeriya haraji, Turawa sun daina saye. Na karɓa don ba yadda zan yi, direba na tsaye yana jiran kuɗinsa. To Baba, gaskiya ne wannan harajin ya shafi soɓona? Na biyu, kullum ina ji a rediyo ana cewa gwamnati na tallafa wa masu fitar da kaya waje. Ina ake zuwa a karɓa? Jarina bai cika rabin tirela ba, amma ina son in daina bi ta hannun wani. Ɗanka ne daga Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa nema albarka.

Harajin dai an sa shi, ba Alhaji ya ƙago shi ba. Ranar 2 ga Afrilun 2025 Donald Trump ya fito da wani allo ya jera ƙasashen duniya, kowace da nata kason. Najeriya ta tashi da kashi 14 cikin ɗari, a watan Agusta kuma aka mayar da shi 15. Ga kuma dokar AGOA, wadda tun shekarar 2000 take barin kayan ƙasashen Afirka da dama su shiga Amurka ba kuɗin fito, wa'adinta ya cika a ƙarshen Satumban 2025. Har nan Alhajinka bai yi ƙarya ba.

Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Soɓon da kake aunowa a Baure, mafi yawansa Meziko yake zuwa, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi da azumi. Wani kuma ya tafi Turai, musamman Jamus, a zuba shi a ganyen shayi. Riɗinka kuwa hanyarsa gabas ce: Sin, Japan, Turkiyya, Indiya. Abin da Amurka ta fi saye a hannunmu ɗanyen mai ne da iskar gas, su kuma harajin bai hau kansu ba. Sannan kuɗin fito, wanda ya shigo da kaya ne ke biyansa a tasharsu can. Yana iya dawowa ya matsa wa mai aiko mashi ya rage farashi, wannan gaskiya ne, amma sai in kwantenar Amurka ta nufa. In ka sake zuwa Dawanau, bayan kun gaisa an sha ruwa, ka tambaye shi cikin ladabi, "Alhaji, wai kayan nan namu a wace ƙasa suke sauka?" Ka dubi fuskarsa yayin da yake ba ka amsa.

Ban ce farashi bai sauko ba. Abin da na fi zargi dala ce da yawan noma. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, duk mai kayan fitarwa ya ga kuɗi sun ninka a hannunsa alhali can waje farashin bai motsa sosai ba. Manoma suka gani, wanda ke shuka soɓo a gefen gona don iyaka ya mayar da shi tsakiyar gona. Da naira ta ɗan tsaya da ƙafarta, kaya kuma suka yi yawa a sito, dole abin ya lafa. Kuskurenka ɗaya ne, ka isa kasuwa da direba a bayanka yana kaɗa makulli. Mai saye ya ga haka ya san ba za ka juya da kaya ba. Kafin ka ɗora buhu ɗaya a mota, ka buga wa sito uku waya, ka tsayar da magana da ɗaya, ka riƙe lambar sauran biyun.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke rufe mana ƙofa da gaske, don na ɗanɗana shi da bakina. Shekarun da nake saye wa wani kamfani riɗi a nan Katsina, na taɓa haɗa buhu ɗari biyu da 'yan kai, ina ta murna na riga kowa. Mai duba kaya ya zo da safe, wani siririn yaro da bai kai ƙanena ba, da ƙarfensa mai rami da suke soka wa buhu. Bai taɓa na sama ba. Ya sa aka janye layi biyu, ya soki na tsakiya, ya zazzage a farin faranti, ya karkata shi yana bubbugawa da yatsa a hankali. Riɗin ya gangara gefe guda, yashi ya kwanta a ɗaya gefen, ja wur, har da 'yan tsakuwa. Ya sake sokar wani, haka. Ya zuba ɗan kaɗan a na'urar auna laima, ya nuna mani lambar bai ce uffan ba. Ranar na gane wasu daga cikin masu kawo mani kaya suna yayyafa ruwa daren kasuwa don ya yi nauyi a sikeli. Sai da na ɗauki mata goma sha biyu suka yi kwana shida suna shiƙa da tankaɗe a tsakar sito, buhu ya ragu, ribar shekara ta bi iska tare da ƙaiƙayin. Ba Bature ko ɗaya a cikin wannan asarar, mu ya mu ne.

Abin da ya same ni a sito guda shi ya sami ƙasar baki ɗaya. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, saboda fiya-fiyar da ake zuba mashi don kada ya yi ƙwari. Dokarsu ba ta yarda ragowar maganin ya wuce miligiram 0.01 a kilo ɗaya ba, namu kuwa ya ninka haka sau da yawa. Da farko hanin na ɗan lokaci ne, aka yi ta ƙara wa'adi shekara bayan shekara. Soɓon ma da kake taƙama da shi, Meziko ta taɓa dakatar da shi saboda wani ɗan ƙwaron sito da aka samu a cikin buhuna, kaya suka jibge a Kano da Jigawa ba mai tayawa. Sai da hukumar killace kayan gona ta NAQS ta yi ta kai gwauro da mari da takwararta ta can, aka amince da sharaɗin turara kaya da maganin ƙwari a wuraren da aka tantance, sannan hanya ta buɗe. Kashi 15 na haraji ana iya raba shi tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowa ya ji ɗan zafi. Kwantenar da aka ce ba za ta sauka ba kuwa, kai kaɗai za ka sha ta, har da kuɗin jirgin dawowa.

Sai maganar tallafi. Akwai shi, amma ba irin wanda kake zato ba, ba taki ba ne da za a kira suna a sakatariya a miƙa maka buhu. Hukumar da ke kula da harkar ita ce NEPC, tun 1976 take. Babban shirin da ake yawan ambata a rediyo shi ne EEG, wanda dokarsa ta samo asali tun 1986. Yadda yake shi ne, sai ka fitar da kayanka da kuɗinka, an biya ka, dalar ta dawo ta banki, sannan ka kai takardu ka nemi a mayar maka da wani kaso. Mai sarrafa kaya ya fi samun kaso mai tsoka, mai fitar da ɗanyen amfanin gona irinmu shi ne a can ƙasa. Kuma ba tsabar kuɗi ake ba ka ba, takarda ce da za ka biya harajin gwamnati da ita. An dakatar da shirin a 2014, aka farfaɗo da shi a 2017, bashin da masu fitar da kaya ke bi ya taru na shekaru har sai da Majalisa ta amince a ba su takardun alkawarin biya daga ofishin kula da basussuka. Kamfanin da ke da biliyan yana iya jira. Kai da jarinka ke juyawa daga kasuwa zuwa kasuwa, in ka sa wannan kuɗin a lissafin ribarka, jiran gawon shanu za ka yi.

Babban Bankin Najeriya ma ya taɓa fito da wani shiri a 2022, RT200, yana ba da naira 65 a kan kowace dalar da ka dawo da ita ka sayar a kasuwar hukuma. Mutane suka fara sabawa, a 2023 aka naɗe tabarmarsa. Bankin NEXIM, wanda aka kafa a 1991 don masu fitar da kaya, yana ba da rance da sauƙin ruwa fiye da bankunan kasuwa, amma zai tambaye ka jingina, da lissafin kamfani da akanta ya duba, da kwangilar mai saye. Wanda ke ajiye lissafinsa a bayan kwalin sigari ba ya wuce mai gadi.

Duk waɗannan abu ɗaya suke bi, takarda. A idon gwamnati mai fitar da kaya shi ne wanda ya yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya karɓi shaidar NEPC, ya buɗe fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP ta bankinsa, ya biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan a matsayin kuɗin duba kaya, NAQS ta ba shi shaidar lafiyar tsiro, kwastan suka sa hannu, sannan ya dawo da kuɗin cikin kwana 180. Kai da ka sha rana a Sandamu, da matar da ta ɓare soɓon har yatsunta suka rine, ba ku cikin littafin. Sunan wanda ke kan NXP shi ne ke cin tallafin, ko da bai taɓa ganin gonar soɓo ba. Wannan tsari bai yi mani daɗi ba, na kuma faɗa a duk taron da aka ba ni makirfo, amma haka yake.

Don haka ban ba ka shawarar ka yi tsalle zuwa kwantena bana ba. Rabin tirela ba ya jure kuskure ɗaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Abin da zan so ka yi, ka sami mutum huɗu ko biyar irinka a Daura da Mai'adua, waɗanda ka san gidajensu, ku yi rajistar ƙungiya ko kamfani, ku kama sito mai daɓen siminti. Ku saya wa manomanku tamfol su daina shanya a ƙasa, ku ƙara masu wani abu a kan kowace tiya mai tsabta, su da kansu za su daina zuba yashi. In kuka yi kaka biyu kayanku na wucewa ba a rage maku ko kilo ba, kamfanonin za su tsallake dillali su neme ku har gida, domin abin da suka rasa ke nan. A lokacin sai ku karɓi shaidar NEPC, ku je horon da suke shiryawa, ku fara leƙa tashar tsandauri ta Funtua da aka ƙaddamar a 2024 ko ta Dala a Kano ku ji nawa ne kuɗin kwantena daga nan. Alhajinka kuma kada ka yi faɗa da shi. Ranar da kayanka suka kwana ba mai saye, shi ne zai ba ka kuɗin mota.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Jibiya ne, shekara ashirin ina kai kaya Maraɗi. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, motata ɗauke da doya da citta da robobin Kano ta maƙale a Magama. Doyar ta ruɓe a idona, har yau ina biyan bashin. Shin akwai wata diyya da gwamnati ke ba wanda takunkumi ya karya? Kuma yanzu da Nijar ta fita ECOWAS, ina muka dosa? Mai karatunku daga Jibiya.

AMSA: Alhaji, Allah ya mayar da alheri, ya sa kaffara ce.

Na je Magama a makonnin nan da kake magana. Abin da ya tsaya mani a rai ba layin motocin ba ne, wari ne. Direbobi sun ɗaura gidan sauro a ƙarƙashin tirela, yaran mota na dafa shayi da itacen da suka tsinto, ruwan ruɓaɓɓen kaya na ɗiga daga bodi ƙudaje sun yi baƙi a kai. Wani dattijo yana sayar da doyarsa ƙwarya guda a kuɗin da ko dakonta bai biya ba, yana roƙon mutane su ɗauka.

Ba zan yi maka romon baka ba. A cikin duk waɗanda na sani daga Jibiya har Kwangwalam, ban ga wanda aka kira aka ba shi ko sisi ba. Sojoji sun kifar da Shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi ranar 30 ga wata, aka rufe iyaka, aka yanke wutar da muke ba su. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakoki a watan Maris. Kafin wannan kuma ka tuna rufewar zamanin Buhari a watan Agustan 2019. Illela da Maigatari sun samu an buɗe su a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Ka haɗa lissafi, kusan wata 40 ƙofarku na garƙame a cikin abin da bai kai shekara 5 ba. Har da dokar hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, wadda ta sa mutumin Jibiya ya koma sayen mai a galan kamar baƙo a ƙasarsa. Abin dariya abin takaici, a Fabrairun 2021, iyakar na rufe, aka aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura da Katsina da Jibiyar kanta.

Dalilin rashin diyyar shi ne abin da na gaya wa yaron Daura a sama. Cinikinku da Maraɗi amana ce da waya. Ka sauke kaya, a ba ka sefa, ɗan canji ya juya maka, ko a haɗo ka da wake da dabino. Ba NXP, ba dalar da ta bi ta banki. Ranar da aka rufe iyaka, a takardun Abuja ba wanda ya yi asara. Masu tsara manufar kasuwanci idonsu na kan teku, alhali mu nan tun kafin a san Legas muke fatauci da arewa. Sarkin Maraɗi ma har gobe Sarkin Katsina ake ce mashi, don zuriyar sarakunan da suka bar birnin nan bayan jihadi ne suka kafa garin. Wanda ya zauna a ofis ya ja layi ya ce kada a wuce, bai san gida ɗaya ya raba biyu ba.

Game da inda aka dosa, fitar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin mutanensu, kayansu kuma a bar su a tsarin sassaucin fito na ƙungiyar har sai an sake sanarwa. Ka lura da wannan "har sai an sake sanarwa", ba dutse ba ne da za ka gina ɗaki a kai. Su kuma ƙasashen uku sun sanya rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shigo masu daga waje. Wannan kaɗan ne. Wanda ya fi cizo shi ne hanin da kowane ɓangare ke yi dare ɗaya. Nijar ta hana fitar da hatsi a Oktoban 2024 in ba zuwa Mali da Burkina ba, ta kuma hana fitar da dabbobi gab da babbar sallar 2025. Mu ma masara na cikin jerin kayan da doka ta hana fitarwa, ka kuma ga yadda kwastan suka riƙa tare motocin abinci a farkon 2024 da tsada ta yi tsanani.

To kafin ka yi lodi, ka tambayi abin da aka hana a ɓangarorin biyu, na zuwa da na dawowa, a ranar, ba labarin makon jiya ba. Kayan da ke ruɓewa kada su wuce abin da za ka iya yafewa, sauran jarin ka sa a roba da taliya da abin da zai yi wata uku a mota bai canza ba. Ku riƙa rufe lissafi da abokin cinikinka na Maraɗi duk tafiya, kada bashi ya kwana a sefa. Takardar kwastan kuma, ko ta nawa ce, ka karɓa ka adana a leda. In shugabannin ƙungiyarku za su tara irin waɗannan takardu na shekara guda su ɗora a teburin gwamna da 'yan majalisarku, aƙalla in an sake rufewa akwai abin nunawa a ce ga abin da ya salwanta.

TAMBAYA: Baba, ina yin man kaɗe a gida a Ƙofar Ƙaura, wata 'yar'uwata a Ingila na son in riƙa aika mata tana sayarwa. Sai na ji an ce gwamnati ta hana fitar da kaɗanya. Na haƙura ke nan? 'Yarka daga Katsina.

AMSA: A'a 'yata, kada ki haƙura. Hanin da Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar a watan Agustan 2025, na wata shida, a kan ɗanyen ƙwallon kaɗanya ne, ba a kan man ba. Manufar ma ita ce a riƙa matse shi a gida maimakon a kwashe ƙwallon a kai waje. Matan da ke tsintowa a daji su suka ji jiki, don farashin ya faɗi a hannunsu ana tsakiyar kaka, ke kuwa ƙwallo ya yi maki sauƙi. In kin je saye kada ki matse su da yawa.

Abin da zai tare ki a hanya shi ne lambar NAFDAC, da mazubi mai murfi da aka rubuta nauyi da ranar da aka yi, da kuma man da bai da ƙaurin hayaƙi ko baƙin ɗigo a ƙasa. Ki tace sau biyu da farin ƙyalle. Ki fara aika mata kilo biyar ta gwada wa masu sayenta, in sun sake nema sai ki rubuto mani mu yi maganar rajista.